Tsohon Lasisi da Kujerar Hagu

Tregaron, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayata Nesta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki, kuma sanyin Kanada bai ƙarasa miki gwiwoyin nan ba. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa kamar kullum, tumaki sun fara haihuwa.

Uwargida Glenys ta dawo daga asibiti, tiyatar ƙugunta ta yi kyau, har ta fara zagaya kicin da sanda tana yi mini faɗa kan yadda nake jera kwanuka. Sai dai likita ya yanke hukunci ɗaya da ya hana ni sukuni. Ya ce ita da shiga ɗan akwatin zaman nan na gefen babur ɗina, wanda take kira kwale-kwale, har abada. Akwatin ya yi ƙasa da yawa, ƙugun ba zai ɗauka ba. Yaya, kin san tun da muka yi aure a cikinsa nake yawo da ita: coci, kasuwa, da kuma Aberaeron duk Satumba ranar tunawa da aurenmu, mu ci soyayyen kifi da dankali a bakin teku. Yanzu tana zaune bakin taga tana kallon hanya. Ganinta a haka ya fi mini faɗanta ciwo.

Don haka ki yi dariyarki ki gama: ƙaninki zai koyi tuƙin mota yana da shekara sittin da shida. Na je wajen wata mai koyarwa, Rhian. Ta ce in nuna lasisi, na zaro takardar nan tawa mai ruwan hoda da na samu tun ina saurayi. Ta riƙe ta da yatsa biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera. Ta ce, "Baba, wannan ai a gidan tarihi ya kamata a ajiye ta. Kana da fasfo?" Na ce fasfo na me, ni da ban taɓa tsallake ruwa ba? Ta ce to ranar jarrabawa ba za su karɓi takarda marar hoto ba, sai in aika a canza mini da kati.

A nan gizo ke saƙa. In ka aika takardar, ba ta dawowa. Kuma duk tsofaffin 'yan babur sun yi imani cewa wajen canjin akan manta da izinin babur, katin ya zo babu shi. Abokina Dilwyn ya kama hannuna a shagon shayi ya ce, "Kai, Emrys, kar ka kuskura! Ka aika, ka zama mai tafiya a ƙasa. Da wannan furfurar za ka sake jarrabawar babur?" Ban san ko gaskiya ne ko ƙanzon kurege ba, amma har yau ban aika ba.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a.

Naki ƙani,
Emrys

Tregaron, 2 ga Afrilu

Yaya Nesta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na samu wasiƙarki. Na ga inda kika rubuta cewa gemu ba ya hana ilimi, kika ja masa layi har biyu. Na gode, amma ke ma ai har yau ba ki iya kunna talabijin ɗinki ba sai jika ya zo.

Na aika. Kwana da kwanaki ambulan na kan tebur ina zagaya shi kamar kaza da maciji. Abin da ya yanke maganar, ranar Lahadi na fito da babur zan tafi coci, na waiwaya na ga Glenys ta ɗaga mini hannu ta taga, sanye da rigar cocinta, alhali ta san ba inda za ta. Na yi tafiyar nan da kwale-kwale fayau a gefena, yana ta ƙara don babu nauyi. Na ce wa kaina, babur ɗin da ba zai ɗauke ta ba, me zai tsinana mini? In sun cire, su cire.

Hoton da za a sa a katin ma sai da aka sha dariya. Tunda ba ni da fasfo, dole wani wanda ba dangi ba ya sa hannu a bayansa cewa ni ne. Kin san garin nan, duk wanda ka taɓa ɗan uwa ne. Ƙarshe na je wajen fastonmu. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Emrys, ashe sanƙo gare ka? Ni da hular kwano na san ka."

Da na saki ambulan a akwatin gidan waya sai da na tsaya na ɗan dafa shi. Takardar nan ta tsufa a aljihuna, duk ta sha ruwa da man inji. Na ji kewarta, ba zan ɓoye miki ba.

Glenys na gaishe ki, ta ce kin yi shiru da maganar ulun da ta roƙa.

Ƙaninki,
Emrys

Tregaron, 20 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Nesta,

Ina gaisuwa, ina fata zafi ya sauka muku lafiya. Albishirinki: katin ya iso tun ƙarshen Afrilu. Ban ko dubi fuskata ba, na juya bayansa, sai ga ɗan hoton babur ƙarami kamar ƙuda, yana nan daram. Na kai wa Dilwyn ya sa tabarau ya duba, ya ce, "To, kai dai ka yi sa'a." Har yanzu tasa takardar na cikin gwangwanin biskit.

Koyon kuwa, sai haƙuri. Jikina ya ƙi yarda cewa ba kan babur yake ba. In mun zo kwana sai in kwanta gefe har kafaɗata ta bugi Rhian. Ta ce, "Baba, sitiyari ake juyawa, ba mutum ba!" In na tsaya a danja, ƙafata na neman ƙasa. Duk ɗan babur da muka yi kiciɓis sai na gyaɗa masa kai yadda muka saba, shi kuwa ya wuce yana mamakin tsohon nan mai alamar ɗan koyo. Wannan ya ɗan sosa mini rai.

Na yi jarrabawar farko na faɗi, a shataletale. Na dawo gida ina huci, na ce na bari. Glenys ta zuba mini shayi ta ce, "Ni ma sau nawa na faɗi kafin in iya sandar nan? Sha ka koma." Na koma. An ba ni wata rana a Agusta, kuma mun sayi wata 'yar tsohuwar mota mai kujera a sama, wadda za ta iya shiga ba tare da durƙuso ba. Tana nan a ƙofar gida, Glenys kan fita ta goge mata gilashi.

A gaida maigida da yara.

Naki,
Emrys

Tregaron, 15 ga Satumba

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na san kin ji a waya cewa na ci jarrabawar, amma akwai abin da ban iya faɗa miki da baki ba.

Jiya muka je Aberaeron. Na buɗe mata ƙofa, ta zauna a haguna, gefen da ta saba. Ba mu bar gari ba na gano wani abu: ashe Glenys surutu take yi a hanya! Ta yi sharhi kan shingen kowa, ta gaida tumaki, ta rera waƙar coci. Da na faɗa wani rami ta ce, "Makaho! Ramin nan tun bara yake nan." Na ce yau kuma me ya same ki? Ta ce, "Yau? Kullum haka nake zaginka a wurin nan. Hular kwano da ƙarar inji ne suka rufa maka asiri." Na yi dariya har na kusa taka birki.

Kin tuna tudun nan da in an hau ake fara hango teku? Muka kai can. Sai ta ce, a hankali, ba ma ni take kallo ba, "Ga teku. Ka kawo ni lafiya, tsohona. Na gode."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Abin da nake faɗa duk shekara a nan, tun ranar da ka fara kawo ni."

Yaya, shekara arba'in tana yi mini godiya a kan tudun nan, ni ina sama ina kallon hanya, ban taɓa ji ba ko sau ɗaya. Na kunna sigina yadda Rhian ta koya mini, na gangara gefe na tsaya, don idona ya cika ba na ganin titi. Ta miƙo mini hankici ta ce in yi sauri kafin kifi ya ƙare.

Babur na nan, nakan zagaya da shi ranar Asabar. Amma na cire kwale-kwalen, ta ce za ta shuka furanni a ciki. Motar tana da rediyo, ban taɓa kunna shi ba, kuma ba ni da niyya.

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Emrys