Gogen da Ke Tambayar Iyali

Zuwa ga Baba Anton,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, wadda na san ba za ta iske ka ba. Ni ce Binta, 'yar Kano mai koyon aikin jinya, wadda ta zauna ƙarƙashin ɗakinka a unguwar Highbridge, can ƙasar Turawa, tare da Yaya Garba.

Lokacin da muka tare, kai tsoho ne mai tsara kiɗan Turawa a takarda, amma fiyanonka ya yi shekara da shekaru a rufe, ka jibga masa jaridu. Mu kuwa ba mu iya wuce babba a matakala ba gaisuwa. Kullum sai mu tare ka da gaisuwar gida cikin Turancinmu: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali? Kana ɗauke kai, muna ƙarawa, har Yaya ya sa maka suna Sarkin Ɗaure Fuska. Sai daga baya wata maƙwabciya ta gaya mana yaƙin Turai ya cinye matarka da 'ya'yanka mata. Ashe kullum ciwonka muke famawa, mu a ganinmu ladabi muke yi.

Muka daina. Kai kuma ka sauko ka buga mana ƙofa kana faɗa, wai wa ya ce mu bari? Ka ce tun da ka sauka daga jirgin ruwa babu wanda ya taɓa tambayar ka su.

Amsar gaisuwar tamu ce ta hana ka sakat. Ka kasa gane yadda mutum zai ce lafiya lau alhali yana kwance magashiyyan. Ka kira abin ƙarya, muka yi ta musu, kana cin tuwonmu da cokali kana kushe yajin. Ba a jima ba muka ji motsi a sama: ka sauke jaridun. Ka tsara kiɗan da goge ke tambaya, sarewa na amsawa, suna kai da komo kamar mata biyu da suka haɗu a hanyar rijiya. Ka ce mu ne.

Sai unguwa ta fara cin wuta. Yau wannan bene, gobe wancan, warin ƙauri har cikin tufafinmu. Mai gidan hayar ya kashe mana na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar sanyi. Yaya ya gama karatu ya koma gida, ɗaliban da ke zuwa hira suka watse. Tari ya kama ka, ya kai ka asibitin da nake aiki. Na zo kanka da safe na gaishe ka, numfashinka na fita da ƙyar, ka dube ni ka ce lafiya lau. Baba, ban taɓa tsanar amsar nan ba sai ranar.

Bayan rasuwarka aka buga kiɗanka na ƙarshe a wani ƙaramin zaure. Goge ya yi tambaya, na jira sarewa, ba ta zo ba. Mai sarewar na zaune, ya ajiye ta a cinya, domin haka ka tsara abin. Goge ya sake tambaya, shiru. Ka san tarbiyyarmu, ba a barin gaisuwa a ƙasa. Da ya yi tambayar karo na uku ban san lokacin da na amsa da ƙarfi ba: lafiya lau. Turawa suka juyo suna harara, ni kuwa hawaye nake yi, ko a jikina.

Allah da ya san abin da ka ɗauka a zuciya, ya saka maka alherin da ka yi mana, ya sa ka iske waɗanda muka yi ta tambayar ka.

Baba, ina kwana? Yaya iyali?

'Yarka ta ƙasan bene,
Binta