Jikokin Dewey Begley da Aka Raba

Zuwa ga:
Mai girma Darakta,
Sashen Kula da Yara da Iyalai,
Gundumar Tolliver, Jihar Kentucky.

Daga:
Opal Sizemore,
Mai kula da Ɗakin Girkin Yara na Cocin Cinder Fork.

16 ga Oktoba, 2023

Game da: Ɗauke Raelynn da Tanner Begley daga hannun kakansu da maƙwabtansu, da raba su wuri biyu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce mai suna a sama, tsohuwar direbar bas ɗin makaranta. Tun da na ajiye aiki nake riƙe da ɗakin girki a ƙasan cocinmu, inda yaran da babu babba a gidajensu suke zuwa bayan an tashi, su ci wake da burodin masara, su yi aikin makaranta. Ina neman izinin gabatar da waɗannan koke-koke.

1. Raelynn shekararta goma sha ɗaya, ƙaninta Tanner shida. Ƙwaya ta kashe mahaifiyarsu, uban kuma ba a san inda ya yi ba. Kakansu Dewey Begley, tsohon mahaƙin kwal da ƙurar rami ta cinye wa huhu, shi ya riƙe su. Maƙwabcinsu Lonnie Combs ke faskara musu itace, matarsa Darlene ke wanki, ni ke ciyarwa. A duk tsawon shekarun nan, ofishinku mai daraja bai taɓa taka ƙofar gidan ba.

2. Ambaliyar watan Fabrairu ta ruɓar da daɓen katakon gidansu. Ranar 8 ga Mayu aka kwantar da Dewey a asibiti, yaran suka dawo wurina. Na kira ofishinku don neman taimakon katako da ƙusa. Ranar 12 ga Mayu jami'arku, Madam Kristen Vance, ta zo. Daga bakin ƙofa ta leƙa gidan, ta ce akwai funfuna, sannan ta wuce cocinmu ta tayar da yaran daga kan abinci. Tanner ya riƙe cokalinsa har cikin mota. Ta ce mini, “Kwana biyu ne kawai, Mama. Ku dai ku gyara gidan.”

3. Ba a ajiye su tare ba. An kai Raelynn gidan renon ’yan mata a can yammacin jiha, Tanner kuma aka ba wa wasu mutane a wani gari. Yaron nan ba ya buɗe baki gaban baƙo. Yayarsa yake raɗa wa, ita ta faɗa. Na bayyana wa jami'arku haka, na kuma roƙi a bar mini su. Aka ce na tsufa. Ban tsufa da ciyar da yaran unguwa guda kullum ba, amma na tsufa da shimfiɗa wa biyu gado.

4. Mun gyara gidan. Mazan cocinmu suka ɓamɓare daɓen suka sa sabo, bayan sun taso daga nasu aikin a gajiye. Kafin ƙarshen Yuni an gama, har da fenti. Tun daga nan ake sa mana ranar dubawa ana ɗagawa. Har yau babu wanda ya zo.

5. Wannan shi ne wanda ya fi tsaya mini a wuya. Ranar 23 ga Satumba ofishinku ya gayyace mu biki, aka ba mu allon yabo, wai unguwarmu abin koyi ce wajen riƙe yara. A bangon zauren aka kafa wani ƙaton hoto da aka ɗauka a ɗakin girkina bara: Raelynn ce ke ba Tanner abinci a baki. Mutane suka yi ta tafi. Darlene ta fita waje tana kuka. Da ka miƙo mini hannu na gaya maka cewa yaran da ke hoton ba su ga juna ba tun Mayu. Ka yi murmushi saboda mai ɗaukar hoto, ka ce, “Ki sa a rubuce, Mama.” To ga shi na sa. Allon kuma yana cikin wannan ambulan, ba mu da bangon da za mu rataye shi.

6. An sallamo Dewey. Likitoci sun ce sun yi iyakar yinsu. Yana kwance a gidan da muka gyara, da bututun iska a hanci. Ya daina tambayar yaushe za su dawo. Abin da yake tambaya yanzu shi ne, “Opal, ai dai suna tare ko?” Duk wanda Dewey ya yi wa wannan tambaya sai ya kalli ƙasa.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon mai girma Darakta ya ba da umarni a zo a duba gidan cikin makon nan, a haɗa yaran wuri ɗaya, a kawo su ga kakansu yayin da yake iya gane su, a kuma sake duba buƙatata ta riƙe su. Ina kuma roƙon a sauke hoton nan daga bangonku.

Idan duk wannan ya fi ƙarfin ofishinku, to roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Ranar da za mu binne Dewey, a kawo su a mota ɗaya, a bar su su zauna a benci ɗaya.

Ina jiran amsarka cikin ƙanƙan da kai. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,

Opal Sizemore