Kin Ce Kada a Rataye Ki a Bango

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Wata huɗu ke nan da rasuwarki, ni kuwa ina nan cikin gidanmu na Nassarawa kamar wadda aka kulle aka tafi da makulli. Yaya Sani ya ba wani kamfani hayar gidan, za su mai da shi ofis, ya ce a kwashe komai kafin ƙarshen wata. Da yake ni ce auta, kuma ni ce ban iya cewa a'a ba, aikin ya faɗo kaina.

Na yi ƙoƙari. Kwanukan samirarki na raba wa dangi a unguwar Gama. Kulolin da kika hana mu taɓawa, kina jiran manyan baƙi, sun tafi ko tuwo bai taɓa shiga cikinsu ba. Ledoji kuwa, Umma! Leda cikin leda, har buhu uku. Na zubar ina dariya, sai na ji kamar kina bayana kina cewa ba a san ranar amfanin abu ba.

Akwatin ƙarƙashin gadonki ne ya tsayar da ni.

Kin tuna shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a? Kin dawo daga Islamiyya, ko mayafi ba ki cire ba, kika sa aka sauke hotunan falo kaf, har na Baba ranar ritayarsa. Kika ce mala'iku ba sa shiga gidan da aka rataye hoto. Sannan kika nuna ni da yatsa: "Ko na mutu, kada wanda ya rataye ni a bango."

Hotunan nan duk na tarar da su cikin akwatin, har da naki. Yaya ya ce in ƙone su, hakan kika so. Na sayo ashana, na kasa.

Akwai guda ɗaya, kina zaune gindin mangwaro da shuɗin mayafi kina tsinke zogale. Kin san sana'ar tawa, wadda kike kira ɓata hoto: in ɗauki hoton buta ko taga, in jajja launinsu a kwamfuta har su daina kama da komai. Haka na yi miki. Na goge fuskar, na narkar da hannayen, abin da ya rage shuɗi ne da kore da wani layi a karkace. Na buga shi, na rataye a falo, na ce wa zuciyata ai ba kowa ba ne.

Jiya Uwani mai girkinki ta zo daga Jigawa ɗaukar tukwanen da kika yi mata alkawari. Ta tsaya gaban bangon ta daɗe. Sai ta share ido da bakin zani ta ce, "Allah ya jiƙan Hajiya. Haka take karkata kai in za ta yi faɗa."

Umma, na yi wayo, wayon bai yi ba. Na rataye ki. Na kasa sauke shi, na kasa haɗa ido da shi, ga shi ko ido ba shi da shi. Saura kwana tara, ashana tana nan kan akwatin. Tsoro nake ji: in na ƙone, na rasa fuskarki sau biyu, in na ajiye, na saɓa miki a ranar da ba ki da bakin yi mini faɗa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya sa mala'ikun da kika share wa falo su zama abokan zamanki. Ni kuma ki yafe mini.

Taki,
Auta, mai ɓata hoto