Rabin Mintin Efren

Malabon, 9 ga Afrilu, 1986

Zuwa ga yayata Ate Siony,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma uwar ɗakinki ta Hong Kong ta rage miki faɗa. Kin ce kin kalli duk zanga-zangar da muka yi a talabijin ɗinsu kina guga. Ate, ba ki ga komai ba. Kwana huɗu na yi a kan titi, har na miƙa wa wani soja burodi a bisa motar yaƙi. Yanzu da azzalumin shugaban ƙasar ya gudu an fito da wata waƙa ta haɗin kai, ko'ina ita ake sawa, masu sayar da kifi ma sun haddace. Na ɗaukar miki ita daga rediyon gida, ga kaset ɗin nan. Ki saurara ki sha kukanki, na san halinki.

Nanay, mahaifiyarmu, ba ta son waƙar. An saki fursunoni da yawa, Nanay ta zaga sansanin soja uku, babu sunan yayanmu Efren a ko ɗaya.

Ƙanwarki,
Ningning

Hong Kong, 27 ga Afrilu

Ningning,

Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Nanay. Saƙo ya iso. Ran Lahadi na kai shi dandalin da masu aikatau muke taruwa, muka riƙe hannun juna muna bin waƙar, har da waɗanda ba ma ga maciji da su. Da ta ƙare ban kashe ba. Sai na ji tari, sai muryar Efren. Nan take na zauna a ƙasa.

A kan wane kaset kika ɗauka? Wanda ya yi mini sati guda kafin sojoji su tafi da shi? Wanda Nanay ta hana a aiko mini, take ji kullum bayan abincin rana? Kin ce mini maganar minti biyar ce. Na duba da agogo, abin da ya rage rabin minti ne.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Allah ya tsare ku.

Siony

Malabon, 12 ga Mayu

Ate,

Ina gaisuwa, in kina amsawa. Na sani tun kafin wasiƙarki. Ranar da na dawo daga gidan waya na tarar da sabon kaset ɗin da na saya a jakata, ko ledarsa ban ɓare ba. Na ji an sako waƙar ne na ruga na danna, ban duba abin da ke cikin rediyon ba.

Wata guda ke nan Nanay tana birkice gida. Ta zazzage buhun shinkafa, ta ɗaga katifu, ta zargi Aling Pacing mai yi mana wanki har matar ta daina zuwa. Ni kuwa ina taya ta nema, kunya ba ta kashe ni ba. Don Allah ki riƙe shi a can. Gara ta ɗauka ɓata ya yi, tana sa ran zai fito.

Ƙanwarki mai laifi,
Ningning

Malabon, 3 ga Yuni

'Yata Siony,

Bayan gaisuwa da sa albarka, kaset ya iso tare da bayaninki. Kin kyauta. Shekara biyu ina sa ran abin da ya ɓata zai fito, ba na bukatar ƙari. Na je na ba Pacing haƙuri. Ƙanwarki kuwa har yanzu ban iya kallon fuskarta ba, amma ina zuba mata abinci.

Efren ya yi tari, ya ce ki riƙa sa rigar sanyi, sannan ya ce, "Nanay, ta ina ake kashe abin nan?" Iyakarsa ke nan.

Idanuna sun yi rauni, ina tsoron in je tura kaset ɗin gaba in danna jan maɓallin, in goge abin da ya rage. Saboda haka daga farko nake sa shi. Kullum sai mawaƙan sun gama ce mini mu haɗa kai, sannan su ba ni ɗana.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki