Ba Ladi Ce Ta Bar Hitar a Kunne Ba

Zuwa ga Yaya Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a wurin aikin kiyaye zaman lafiya da aka tura ku, kai da sauran sojojin da kuke tare. Na san labarin gobarar ɗakinka ya iske ka ta waya, a gutsure. Na zaɓi in rubuta maka a shafin da nake rubutu a jarida domin maganar ta riga ta bazu a Zuru, kuma a karkace ta bazu.

Da Ladi ta haifa maka ɗa a tsakiyar sanyin nan, Mama ta shigar mata da kaskon garwashi, kamar yadda ta yi mana. Ni na fitar da shi. Na yi musu dogon bayani a kan hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki, na sayo hitar lantarki ta ɗumama ɗaki, mai jan ƙarfe biyu. Har yau ina ganin na yi daidai a kan hayaƙin. Abin da ya biyo baya ne nake jin kunyarsa.

Ranar Lahadin da za a kai yaron coci don godiya, nafkin ɗinsa ba su bushe ba. Na shanya su a bayan kujera, na jawo hitar dab da su. Ana cikin shiri aka ɗauke wuta, ƙarfen ya yi baƙi, ya huce. Ladi tana goya yaro a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan boko, ka zare wayar nan kafin ka rufe." Na ce mata ai babu wuta, me zan zare? Ni na fita a ƙarshe, ni na sa kwaɗo.

Muna cikin waƙa a coci aka dawo da wuta. Nafkin suka kama, kujera ta kama, labule ya kai wutar har silin. Maƙwabta suka fasa ƙofa, suka yi ta kwasar ruwa daga rijiyar Malam Garba har aka tare wutar kafin ta ci ɗakin Mama. Gadonka, takardun makarantarka da kayan auren Ladi duk sun tafi. Babu wanda ya ji ciwo.

Yaya, da hannuna na taɓa rubuta wa masu karatu cewa kada a bar hita kusa da tufa, kada a shanya kaya a jikinta, kuma idan wuta ta ɗauke a zare ta daga soket, domin abin da ba a kashe ba yana nan a kunne. Na san wannan sarai.

Da muka dawo, Mama ta tsaya a kan toka ta ce, "Yaran yanzu, a ba su ɗaki su ƙone shi." Ladi take nufi. Ladi ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na duƙa ina tsintar kwanukan da suka yi baƙi, kamar aikin ne ya hana ni magana. A kasuwa aka ce sakaci ne na mai jego, a ƙungiyar mata aka ce son jiki. Ina ji, ina wucewa.

Daga baya baban Ladi ya zo daga Ribah a kan babur ya tafi da ita da yaron. Da za ta hau, ta ce mini, "Ka kula da Mama, ƙafarta na ciwo." 

Jiya na durƙusa na faɗa wa Mama cewa ni ne na bar hitar a kunne. Sai ta aike ni in nemo mata mai babur. Gobe za mu Ribah tare. Ban san ko Ladi za ta yarda ta biyo mu ba, kuma ba ni da bakin matsa mata. Abin da nake roƙonka shi ne, idan ka samu layi, ita za ka fara kira, ba ni ba. Faɗan da za ka yi mini zai iya jira har ka dawo.

Ubangiji ya tsare ka daga harsashi da zazzaɓi, ya raya ɗanka, ya sanyaya zuciyar matarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙaninka,
Ishaya