Kada A Kai Bidi Maigatari

Guangzhou, ƙasar Sin,
20 ga Oktoba, 1998.

Zuwa ga Yaya Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da iyali, Allah ya sa an yi kaka mai albarka. Ni ma lafiya lau, sai dai na gaji da shinkafa har ina mafarkin tuwon dawa. Muna sauke kusa da tashar jirgin ƙasa, kullum muna kasuwar Zhanxi wajen takalma. Abokin tafiyata Kallamu zai riga ni tahowa, shi na ba wa wasiƙar, na ce kada ya kwana Kano sai ya danƙa maka ita, don maganar da ke cikinta ba ta jira.

Maganar Bidi ce, goɗiyar da Baffa ya bari. Ka tuna ni ne na matsa maka ka kai ta kasuwar Maigatari da zarar an gama girbi, har na ce kuru ce, 'yar gajera mai cin harawa a banza, gara a sayi babur. To, na zo in janye maganata, kuma ka ji dalili kafin ka yi mini dariya.

Akwai wani Basine Musulmi da nake sayen kaya wurinsa, Malam Dawuda. Ran nan ya ga ina kallon hoton doki a bangon shagonsa, ya ce ranar Lahadi zai kai ni in ga na gaske. Muka yi tafiya mai tsawo a mota har wani fako da aka kewaye da waya, duk tsakuwa da gajerun itatuwa kamar sabararmu. Yaya, dawaki goma sha ɗaya na ƙirga suna kiwo, kuma da ka gan su sai ka rantse 'yan'uwan Bidi ne. Gajeru, wuya kauri, ƙafa kamar taɓarya. Ba turke, ba dabaibayi, ba wanda ke hawansu. Na yi ta tambayar wa ke ba su dusa, wa ke ba su kanwa, aka ce su ke nema wa kansu, ko a rani.

Ka san ni da kanwa a aljihu saboda ciki. Na ciro ɗan guntu, na miƙa hannu ta waya, na yi ƙyacci irin wanda Baffa ke kiran Bidi da shi. Wata tsohuwar goɗiya ta ɗago kai, ta tako, ta lashe tafina. Dattijon da ke kula da su ya yi mamaki, ya ce ba ta zuwa wajen baƙo. Ni kuwa da halin kasuwa, sai na tambayi nawa za a bar mini ita. Malam Dawuda ya yi dariya har da hawaye, ya ce ko an kawo kuɗin Kano duka ba za a sayar ba.

Na ce to a nuna mini garin da ake samun irinsu. Dattijon ya girgiza kai ya ce meyo. Kalmar nan kullum ina jin ta a shago, ma'anarta babu, amma ban taɓa jin ta da nauyi haka ba. Ya ce da yana yaro kowane gida a yankinsu da irinsu. Sai mutane suka raina tsayinsu, suka riƙa kai goɗiyoyi wajen dogayen ingarmu, sauran aka sayar da injuna suka zo. Kowa yana cewa ai akwai a gidan maƙwabci. Ranar da aka tashi nema, waɗannan kaɗai aka tattaro.

Duk hanyar dawowa ina lissafin gidajen da na san da kuru a ƙasar Gumel muna yara. Gidan Tankari, gidan Sarkin Noma, na kawunmu na Gagarawa. Yanzu fa? Ban iya tuna ko ɗaya ba sai tamu. Wallahi kunya ta kama ni. Bidi ce ta ɗauko Inna zuwa asibiti shekarar da ruwa ya yanke hanya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ni kuma na buɗe baki na ce ba ta da amfani.

Don Allah, Yaya, kada a kai ta. Kada kuma a kai ta wajen dogon dokin nan na Hakimi. A cigita ko'ina, ko har Nijar ne, ko akwai mai ingarma gajere irinta. Harawarta ta bana a wuyana. Idan kuwa Kallamu ya iso an riga an sayar, ka bi sawu ranar nan kafin masu lodi su yi kudu da ita, kuma ko me ya faru kada ka ɓoye mini.

Ka gaida Inna da kyau, da Yaya Hasiya, da Fasuma da yaranta. Sauran kanwar da tsohuwar goɗiyar nan ta Sin ta lasa na naɗe ta a takarda, tana cikin ambulan. Ka ba Bidi da hannunka, ka ce daga wanda ya raina ta ne.

Ƙaninka,
Ghali.