Ƙuli-ƙulin da ke cikin kwaɗon Inna

Daren Talata, Damba

Sadiƙu ya yi barci, ni ce na kasa. Hannuna na kan ƙirjinsa, ina sauraron numfashinsa.

Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Furfuri da rana. Ta kwaɗa zogale, ta ɗora Sadiƙu a cinya tana ba shi. Kafin in sauke tukunya leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa har wuya, yana susa yana kuka. Na ɗura masa maganin da likita ya rubuta, muka ruga asibiti. Allah Ya taƙaita.

Da muka dawo na ce, "Inna, ai na gaya miki likita ya hana shi gyaɗa."

Ta ce, "Wace gyaɗa, ɗiyata? Ƙuli-ƙuli ne fa, an matse mai."

 

Ni da kaina na koya masa ba a mayar da hannun kyauta baya. Gobe kuma, ya Allah, da wane baki zan koya wa ɗan shekara biyar ya ce wa kakarsa a'a?